Rabi, Rubu'i, Sumuni

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da lissafi a Umdurman.
Na iya raba lemo gida takwas
ba yaron da zai ce an cuce shi.
Sai shekarar da sama ta fara tari da wuta,
muka ɗaure katifa a kan mota
muka sauka Gadarif, gidan wana Ɗalha,
mu tara, ɗaki biyu, randa guda.

Unguwarsu ba a harbi.
Amma in motar ɗaukar riɗi ta yi gyaran murya da asuba
sai zuciyata ta suri takalmanta
ta bar ni a kwance, jiƙe da gumi.

Likita ya rubuta: ɗaya, da dare, mako biyu.
'Yar farar aba, ba ta kai ƙwayar wake ba.
Na haɗiye ta, na nutse
kamar guga ya tsinke a rijiya.
Na ce, ashe barci a kemis yake kwana.

Mako biyu ya zo ya wuce, ban yi masa rakiya ba.
Ɗaya ta haifi biyu,
biyu ta nemi ta rana.
Na san kemis uku da fuska uku,
kowanne da ƙaryar da nake kai masa.
Agogona ya tafi. Zoben Saudatu ya bi shi.
Ni da ke raba dubu da alli ɗaya,
na tsaya a la'asar ban san raka'a nawa na yi ba.

Wata Juma'a na yi zuciya,
na juye su a masai, na ce na gama.
Kwana uku tururuwa na yawo ƙarƙashin fatata.
Na huɗu na faɗi bakin ƙofa ina shure-shure,
na farka da jinin harshena a riga
da 'yata Tasallah tana kiran sunana na yanka,
abin da ba ta taɓa yi ba.
Kafin magariba na koma kemis.

Ran da suka tare ni, faranti aka kawo.
Na ɗauka shayi ne.
Bawon ƙwaya ne, fal, yana ƙyalli.
Tasallah ta ce, Baba, na ƙirga yadda ka koya min,
goma-goma.
Ban tambaye ta nawa ba.
Ɗalha na kallon ƙasa.
Maƙwabciyarmu Ihlas, ma'aikaciyar jinya,
ta ce, ba faɗa ya kawo mu ba, Malam.
An riga an karɓa maka kati.
Mai a-daidaita yana waje, injinsa a kunne.

Na yi ihu. Na ce likita ne ya ba ni.
Saudatu ta ce, to, wajen likita za mu.

Likitar ba ta yi min wa'azi ba.
Ta ce, wanda ya hau rimi ba ya dirowa,
reshe-reshe ake sauka.
Ta ja layuka a takarda, ta miƙo min biro,
ni na cike jadawalin da hannuna yana rawa.
Duk Alhamis kuma sai ta tambaye ni ƙarar nan,
wadda na baro a Umdurman ta biyo ni.
Wata uku kafin na iya faɗar sunan maƙwabcin
da na tsallake a bakin titi.

Yanzu ina kan rubu'i.
Saudatu ke riƙe da mabuɗin akwati,
ita ke yanka min da reza.
Akwai daren da nake tsanarta saboda haka,
ta sani, ba ta motsi.
Jiya na yi barcin awa huɗu,
ɗan kaɗan, amma nawa ne, ban saya ba.

Na tara yara ƙarƙashin darbejiya.
Wani mai giɓi ya ɗaga hannu:
Malam, in ana ta raba abu biyu,
yaushe zai ƙare?
Na ce, a kan allo, ba ya ƙarewa.
Na kakkaɓe alli daga yatsuna.
Ranar Alhamis za mu sauka sumuni.